Alherin Allah ba biki ba ne, ɗiyata

Ɗiyata, na ga saƙonki tun ran Talata, ban amsa da wuri ba don tambayar ba ta layi biyu ba ce, sai da na samu na zauna a natse. Allah ya ƙara miki haƙuri, ya raya yaran nan.

Bari in maimaita abin da kika rubuto a taƙaice saboda masu karantawa, sunanki da unguwarku kuma na cire kamar yadda kika roƙa. Kin ce bana ce Nowel ta farko tun rasuwar maigidanki. Zumuntar mata na majami'arku sun zo miki da shinkafa da mai da turmin zane da kayan yara, kin karɓa kina murmushi, suna fita kika shiga ɗaki kika yi ta kuka, don shekara da shekaru ke ce cikin masu ɗaukar kaya a kai wa wasu. Yanzu kina shawarar cin bashin jika 20 wajen uwar adashi ki dafa ki rarraba wa maƙwabta kamar kullum kar a ce kin gaza. Sai tambayar da kika ɓoye can ƙasa, wadda na san ita ce ainihin abin da ya sa kika rubuto: wata shida ba ki taka majami'a ba, zuciyarki na fushi da Allah, to da wane ido za ki shigo ranar 25 ki ce kina karɓar alherinsa alhali hannunki wayam?

Na farko dai, kar ki ci bashin nan. Wannan ba sai na buɗe aya ba, Janairu na zuwa da kuɗin lakwal na yara, uwar adashi kuma ba ta san Nowel ta wuce ba.

To amma batun shinkafar da batun Allah, a ganina ciwo ɗaya ne, kuma ba ke kaɗai ke da shi ba, na shekara sama da talatin ina koyar da Littafi Mai Tsarki a ƙasar nan kuma ni kaina ban gama warkewa ba. Ciwon shi ne mun iya bayarwa, ba mu iya karɓa ba. Mu mutanen Maradi an raine mu cikin biki. Ke kin fi ni sani, in ƙawarki na suna ko aurar da ɗiya ki kai mata jika ɗaya, a rubuta a kaye, wato littafin lissafin biki, ranar naki ta kawo biyu, ke ma in nata ya sake zagayowa ki ƙara a kai, har wata rana abin ya yi nauyi a sasanta a koma ƙasa a sake farawa. Ba na zagin biki fa, da shi mata da yawa suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki, zumunci ne na gaske. Sai dai ya koya mana cewa duk abin da ya shigo hannunka bashi ne da ke jiran ranar biya, wanda ya karɓa bai rama ba kuwa ya zubar da mutuncinsa. Har karin maganarmu haka take, alheri danƙo ne ba ya faɗuwa ƙasa banza, alheri gadon barci. Wato ka yi shi don zai dawo maka.

Ga inda matsalar take. Lokacin da aka fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa, cikakkensa ya fito a 1932, kalmar Helenanci da Manzo Bulus ke yawan amfani da ita, karis, sai aka sa mata alheri. Ban ga wadda ta fi ta dacewa ba, gaskiya sun yi ƙoƙari. Amma kalmar ta shigo majami'a da kayanta a ka. Bahaushe na jin "alherin Allah" sai can ƙasan zuciyarsa ya buɗe kaye, Allah ya kawo min kaza, ni kuma sai in rama da azumi da baiko da zuwa sujada ba fashi, in na yi watanni ban kai nawa ba to na ci bashi, kunya ba za ta bar ni in haɗa ido da shi ba. Ba wannan ne ya hana ki zuwa ba? Fushin ma ina jin ya fara sauka tun tuni, kunyar ce ta rage.

Bulus kuwa ya toshe wannan ƙofar da kansa. A Romawa 4:4 ya ce wanda ya yi aiki, abin da aka ba shi ba kyauta ba ne, hakkinsa ne. Ɗan ƙwadago da ya yini yana yankan gero ba ya durƙusa ya yi godiya da yamma, miƙa hannu yake a ƙirga mishi. A Afisawa 2:8-9 kuma ya ce ta wurin alheri aka cece ku, ta hanyar bangaskiya, wannan kuwa ba yin kanku ba ne, baiwar Allah ce, ba don ayyuka ba, kada wani ya yi fariya. Ki lura da ƙarshen nan, kada wani ya yi fariya. Abin da biki ke karewa kenan, ikon ɗaga kai a ce ni ma na kai nawa. Allah kuma da gangan ya shirya ceto ta yadda ba wanda zai iya faɗin haka.

Ki sake karanta labarin haihuwar da kanki a Luka 1 da 2, ki riƙa tambaya wa ya kawo me. Maryamu yarinya ce a Nazarat, mala'ika ya gaishe ta da cewa ita wadda aka yi wa alheri ce, kalmar daga tushen karis ɗin nan take, kuma ba a faɗi wani aiki da ta yi ta saye shi ba. Ta tsorata, ta yi tambaya, a ƙarshe ta ce ga ni baiwar Ubangiji, ya zama mini yadda ka faɗa. Nata kenan, ta yarda a ba ta, kuma kyautar ba mai sauƙi ba ce, ciki ne kafin a kai ta ɗakin miji, ke kin san abin da bakin unguwa zai yi da wannan. Makiyaya da suka zo cikin dare ba a rubuta sun riƙo ko ɗan akuya ba, sun zo sun gani sun koma suna yabon Allah. Da kwana 40 suka cika aka kai jaririn Haikali, Luka 2:24 ya ce hadayarsu kurciya biyu ce ko 'yan tattabaru biyu, in kika duba Littafin Firistoci 12:8 za ki ga wannan sassauci ne da Shari'a ta yi wa matar da ba ta da halin ɗan rago. Gidan da aka haifi Almasihu gidan da ba su iya sayen rago ba ne. Masu zinariya da lubban da mur, Matiyu ne ya kawo labarinsu, daga baya suka zo, sun tarar da yaron a cikin gida, kuma Yusufu da Maryamu ba su ce a'a mun gode ku mayar ba mu da abin ramawa ba. Sun karɓa.

Akwai wani labari da nake son koyarwa, musamman mu nan da muke da asibitin Danja a bakin ƙofarmu tun 1956, mun san ciwon kuturta ba a takarda ba. Na'aman, 2 Sarakuna 5, babban hafsan sojan Suriya, ya kamu da ciwon, ya taho wajen annabi Elisha da azurfa talanti 10, zinariya shekel 6,000, da riguna 10 na ado. Ya zo da shirin biya. Elisha ko fitowa bai yi ba, ya aika a ce mishi ya je ya yi wanka sau bakwai a Kogin Urdun. Mutumin ya fusata ya juya zai tafi, sai barorinsa suka ce ranka ya daɗe, da abu mai wuya aka ce ka yi ai da ka yi, balle wanka? Sun gano shi sarai. Abu mai wuya yake so, don in ya yi shi zai koma gida yana cewa ni na yi. Da ya warke ya dawo ya matsa a karɓi kayan, Elisha ya rantse ba zai taɓa ko ɗaya ba. Gehazi baran Elisha ne ya bi shi a guje ya yi ƙarya ya karɓo azurfa da riguna biyu, ciwon kuma ya koma kansa. Ina yawan gaya wa 'yan'uwana masu wa'azi, duk wanda ya sa wa alherin Allah farashi, ya ce kawo kaza a yi maka addu'ar buɗi, to ya san layin wa ya shiga. Wannan dai a gefe.

Bitrus ma haka ya yi a Yahaya 13, Ubangiji ya ɗaura tawul zai wanke mishi ƙafa ya ce faufau. Kamar ladabi ne ko? Amma amsar da ya samu ita ce in ban wanke ka ba, ba ka da rabo da ni.

Bari in ba ki nawa, don kar ki ɗauka daga kan mumbari nake magana. Farkon aikina an tura ni wata 'yar ikilisiya a ƙauye, ba mu fi gida goma ba, shekarar kuma damina ba ta yi kyau ba. Jajibirin Nowel da sassafe, sanyin nan na hunturu da hazo har ba ka hango rumbun maƙwabci, sai ga wata tsohuwa cikin membobinmu ta yi sallama, ta lulluɓa da zane ɗaya tal, ta rungumo zakara a hammata an ɗaure ƙafafunsa da tsumma. Yatsunta ciwo ya cinye rabi tun tana budurwa, da ƙyar take riƙe shi. Na san zakaran nan, shi kaɗai ne namiji cikin kajinta uku. Ta ce Malam ga na Nowel. Ni kuma da ilimina sabo fil daga makarantar Littafi, tausayi ya kama ni, na ce haba Iya, ke ya kamata a ba, ki mayar ki yanka ki ci da jikokinki, har na sa hannu a aljihu na ciro 'yan kuɗi zan ƙara mata. Ba ta karɓa ba. Ta tsaya tana kallona, ta ce wato ni ban isa in ba ka ba kenan. Ta juya da zakaranta.

Matata ce ta fito daga madafa ta ce me ka yi haka? Ta bi ta har gida ta ba ta haƙuri ta karɓo shi, muka yanka, muka aika mata da ƙirji da romo. Amma tsohuwar nan ta yi kusan wata biyu in mun gaisa ba ta ɗaga ido. Na daɗe kafin in gane cewa abin da na kira tausayi girman kai ne ya sa rigar tausayi, na saba ni ne mai bayarwa, kujerar nan ta yi min daɗi, ban so in sauka in zauna a tabarmar mai karɓa ba, balle daga hannun wadda nake ganin ta fi ni talauci. Ita kuwa na hana ta abu ɗaya da ya rage mata na mutunci.

Shi ya sa nake ce miki, matan nan da suka kawo miki kaya, in kika rama musu da bashi kin mayar da kyautarsu ciniki. Su ma suna da bukatar ki karɓa. Ayar nan da kowa ya haddace, Ayyukan Manzanni 20:35, bayarwa ta fi karɓa albarka, gaskiya ce, amma in kowa ya ƙi karɓa wa zai samu albarkar? Shekarun baya ke kika samu, wasu suka haɗiye kunyarsu suka buɗe miki ƙofa. Bana juyinki ne ki buɗe.

Wannan gardamar fa tsohuwa ce a ikilisiya, kuma a nahiyarmu aka yi ta. Agustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya yi shekaru yana ja da koyarwar wani malami Pelajiyus da ya fito daga Birtaniya, wanda ke ganin mutum na da ƙarfin da zai gyara kansa ya cika umarnin Allah in dai ya ƙudura. Taron shugabannin ikilisiya da aka yi a birnin Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, a 418 ya ƙi wannan koyarwa. Ayar da Agustin ke yawan komawa gare ta ita ce 1 Korantiyawa 4:7, me kake da shi wanda ba karɓa ka yi ba? Bayan shekara dubu da ɗoriya Martin Luta ya sake tayar da maganar a Jamus a 1517, aka rabu, sai a 1999 a garin Augsburg 'yan Katolika da 'yan Lutaran suka sa hannu a takarda ɗaya cewa ta alheri kaɗai Allah ke karɓarmu, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, ba don cancantarmu ba. Akwai sauran bambance-bambance, ba zan ɓoye miki ba, amma kan wannan gaɓar, ko majami'armu kika shiga ko ta 'yan'uwanmu Katolika da ke sujadar dare ran 24, ba wanda zai ce ki biya kuɗin shiga.

Kar kuma wani ya karanta ya ce to shikenan Malam ya ce a miƙe ƙafa. Bulus ya riga ya ji irin wannan, Romawa 6:1, mu ci gaba da zunubi don alheri ya yawaita? Ya ce sam. Titus 2:11-12 ma cewa ya yi alherin da ya bayyana yana horar da mu. Wanda ya karɓa da gaske hannunsa na saki, ba don an ɗora mishi ba. Ni ga yadda nake bayyana wa ɗalibaina da abin da muka sani: tukuici. In mai unguwa ya aiko miki da rago, ba kya aika mishi da kuɗin ragon, zagi ne ma. Yaron da ya jawo igiyar kike ba ɗan abin da ya sawwaƙa, dala ashirin ko goro, kuma kowa ya san wannan ba farashin rago ba ne, alama ce cewa kyauta ta iso kuma an ji daɗi. Yaba kyauta tukuici. Duk baikonmu da sadakarmu da kwanukan da muke rabawa ran Nowel, in sun yi yawa su kai tukuici. Kuma ba sama suke hawa ba, hannun na kusa da kai suke shiga.

In kina son ganin haka a rubuce ki karanta 2 Korantiyawa 8 da 9, inda Bulus ke tara gudummawa don matalautan Urushalima. Kalmar karis ta fito wajen sau 10 a surori biyun nan, wani wuri tana nufin alherin Allah, wani wuri gudummawar kanta, wani wuri godiya, kalma ɗaya ke zagayawa. Ya ce ikilisiyoyin Makidoniya cikin tsananin talauci suka roƙa a bar su su sa hannu, kamar dai tsohuwata mai zakara. A 8:9 ya ba da dalilin, wanda a wurina shi ne wa'azin Nowel gaba ɗaya: Ubangijinmu Yesu yana da wadata, amma saboda ku ya zama matalauci. A 8:12 ya ce ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum ke da shi, ba abin da ba shi da shi ba. Jika 20 na uwar adashi ba abin da kike da shi ba ne, ɗiyata. A 8:14 kuma ya ce yalwarku ta yanzu ta biya rashinsu, wata rana yalwarsu ta biya naku. Ya yi kama da biki ko? Bambancin shi ne ba kaye, ba ninki, ba wanda ke ƙirga zagaye, kuma ba lallai wanda ka ba shi ne zai ba ka ba. Yesu ma a Luka 14:12-14 cewa ya yi in za ka yi walima ka kira waɗanda ba za su iya rama maka ba. Zumuntar matanku umarnin nan suka bi.

Batun maƙwabtanki Musulmi da kika saba aika wa abinci, su kuma su aiko miki da naman layya, na fahimci nauyin, al'ada ce mai kyau da ta riƙe unguwanninmu, kar ta mutu. Amma su ne fa suka zauna miki zaman makoki, sun san abin da ya faɗa wa gidan. Ba mai hankalin da zai tsaya ƙirga kwanonki bana. Cikin shinkafar da aka kawo ki ɗebi tiya ɗaya ki dafa da ɗan abin da ya samu, ki zuba wa gida biyu ko uku da suka fi kusa, ko ma tsohon nan ɗaya da kika san ba mai dafa mishi. In ma ba ki iya ba bana, ki bari. Ba zunubi ba ne.

Sai fushin. Ban ce ki share shi kafin ki zo ba, kuma kar ki bari wani ya ce miki sai kin gyara zuciya tukuna. Ɗan nan da ya ɓace a Luka 15 ya tsara jawabinsa tun kafin ya kama hanya, har da shirin biya, zai ce a mai da shi ɗaya daga cikin 'yan ƙwadago ya yi aiki ya rage bashi. Ki duba da kyau, ya fara jawabin, uban bai bari ya kai wurin ƙwadagon ba, ya riga ya aika a kawo riga da zobe da takalmi. Zabura kuwa cike take da mutanen da ke yi wa Allah ƙorafi baki da baki, Zabura 13 da "har yaushe" ta fara, Zabura 88 ma har ta ƙare ba haske a cikinta, kuma an bar su a Littafin ba a goge ba. Wata shida kina fushi da shi, ai wanda ba ka yarda yana nan ba ba ka fushi da shi. Ki zo da abinki a yadda yake. In akwai Jibin Ubangiji kuma zuciyarki na rawa, ki samu fastonku ko ɗaya cikin dattawan ikilisiya kafin ranar ku zauna, su suka san ki, ni daga nesa nake. Amma ki tuna yadda ake cin Jibin, ba wanda ke zuwa da gurasarsa daga gida, tafin hannu ake buɗewa a sa maka.

Turmin zanen kuma ki kai wa tela gobe-goben nan, kin san yadda suke a makon Nowel, in kika yi jinkiri sai ranar 24 da dare kina zaune a shagonsa kina jiran hannun riga. Ki ɗinka, ki sa, ki zauna inda matan za su gan shi a jikinki. In waƙa ta taso kika kasa yi, ki yi shiru, wasu za su yi a madadinki. Ki gaishe min da yaran, ƙaramin da kika ce yana tari ki rufe mishi ƙirji da kyau da asuba, sanyin bana ba wasa.